Kursk: Teku Ta Ci Jirgi, Manya Suka Ci Amana

Jirgin yaƙin Rasha mai tafiya a ƙarƙashin teku, Kursk, tsawonsa mita 154 ne. Wurin da ya nutse a Tekun Barents ranar Asabar 12 ga Agusta, 2000, zurfinsa mita 108 ne kacal. Da za a tsayar da jirgin a kan hancinsa a wannan wuri, da bayansa ya leƙo saman ruwa da fiye da mita 40. Yana tsakiyar atisayen rundunarsa ne abin ya faru, jiragen 'yan'uwansa na kewaye da shi, tashar da ya baro ba ta da nisa, kuma babu wata ƙasa da Rasha ke yaƙi da ita a teku. Duk da haka, cikin mutum 118 da ke jirgin babu wanda ya fito da rai, kuma sai da aka kwana 9 kafin hannun ɗan Adam ya buɗe ƙofarsa.

Shekaru sun shuɗe amma labarin Kursk bai tsufa ba. An sake yin irinsa a Ajantina, an sake a Indonesiya, kuma cutar da ta halaka waɗannan bayin Allah tana nan kwance a ma'aikatun gwamnatoci da yawa, har da na ƙasashen da ba su mallaki jirgin ƙarƙashin teku ko ɗaya ba. Idan soja ya faɗi a fagen daga, abokin gaba ne ya kashe shi, kuma ya san da yiwuwar haka tun ranar da ya yi rantsuwar kama aiki. Idan kuwa ya mutu ana zaman lafiya saboda makamin da ya lalace ko bututun da ba a duba ba, to amanarsa aka ci. Hukumar da ta zo daga baya ta ɓoye yadda abin ya auku, ta ci amana sau biyu: ta mamacin, da ta wanda zai hau jirgi na gaba.

Sai mutum ya san yadda ake rayuwa a irin wannan jirgi kafin ya gane nauyin amanar. Duk mita 10 da jirgi ya ƙara nutsawa, ruwan da ke danne shi yana ƙara nauyi kwatankwacin na dukkan iskar da ke kanmu a doron ƙasa. A zurfin mita 300, ƙarfen jirgin yana ɗauke da ninki 30 na wannan nauyi ta kowane ɓangare, kuma kowane jirgi yana da iyakar da idan ya ƙetare ta gangar jikinsa za ta murƙushe cikin ƙiftawar ido. Babu taga, babu wurin gudu. Iskar da ake shaƙa injina ne ke tace ta. Jirgin yana nutsawa ne ta hanyar cika tankunansa da ruwa, yana tasowa ta hanyar hura iska mai ƙarfi ta kori ruwan, saboda haka idan wuta ta ɗauke ko hanyar iskar ta toshe, ƙasa zai yi ta yi. Ran matashin da ke ciki yana hannun mai waldar da bai taɓa gani ba, da ma'ajin da ya sa hannu a takardar kayan gyara, da babban hafsan da ya ce jirgi ya fita. Ya yarda da su duka ba tare da ya tambaya ba, domin aikin soja bai ba shi damar tambaya ba.

Kursk ba tsohon jirgi ba ne. A ƙarshen 1994 ya fara aiki, yana tafiya da injinan nukiliya biyu, kuma Rundunar Arewa ta sojin ruwan Rasha tana tinƙaho da shi da kyaftin ɗinsa, Gennady Lyachin. A safiyar ranar an shirya zai harba topido na gwaji, wato makamin nan da ke gudu a cikin ruwa ya je ya daki jirgin abokin gaba. Na gwajin ba shi da kan da ke fashewa, amma yana da mai. Man nasa kananzir ne da sinadarin haidirojin feroksaid, irin wanda ake wanke ciwo da shi a kemis, sai dai na kemis kusan duk ruwa ne, na topido kuwa kusan zallar sinadarin ne. Idan ya taɓa tsatsa ko tagulla, nan take yake tafasa ya kumbura ya koma tururi da iskar da ke rura wuta. Binciken gwamnatin Rasha ya kai ga cewa sinadarin ya yoyo ne ta wata walda mara kyau a jikin makamin. Da misalin ƙarfe 11:28 na safe ya fashe. Bayan minti 2 da daƙiƙa 15, zafin gobarar ya tayar da sauran makaman da ke ɗakin, aka yi fashewa ta biyu wadda na'urorin auna girgizar ƙasa suka ji a Nowe, har ma a Alaska.

Haɗarin wannan sinadari tsohon ilimi ne. A 1955, a tashar jiragen ruwa ta Portland da ke Ingila, ya fashe a cikin jirgin Birtaniya mai suna Sidon, mutum 13 suka rasu, Birtaniya ta daina amfani da topido mai irin wannan mai. Shekara 45 ke nan kafin Kursk. Rasha ta ci gaba da riƙe nata saboda yana ba makami gudu da dogon zango. Riƙe makami mai haɗari ba laifi ba ne idan za a kula da shi, amma binciken ya gano cewa ma'aikatan Kursk ba su samu horon da ya kamata a kan wannan makami ba. Sai da mutum 118 suka halaka sannan aka janye shi daga aiki.

Fashewa ta biyu ta farke gaban jirgin, ta kashe mafi yawan mutanen nan take. A can baya kuwa mutum 23 sun tsira, suka taru a ɗaki na tara inda ƙofar tsira take. Duniya ta san haka ne domin wani matashin hafsa mai shekara 27, Dmitri Kolesnikov, ya ɗauki takarda ya jera sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta lokaci, ya bar wa matarsa saƙo. Layukan farko a miƙe suke, na ƙarshe sun karkace, domin da lalube ya rubuta su a cikin duhu. An sami takardar a aljihunsa a watan Oktoba, lokacin da masu nutso suka fito da gawarsa. Suna zaune cikin sanyi, ruwa yana hawa sannu a hankali, suna dogaro da wasu faranti na sinadari masu tsotse gurɓatacciyar iska su fitar da ta shaƙa. Masu bincike sun ce ɗaya daga cikin farantan ne ya taɓa ruwa mai gauraye da mai, wuta ta tashi ta cinye iskar da ta rage. Waɗannan mutane sun yi abin da aka koya musu: sun kiyaye tsari, sun ƙirga kansu, sun jira manyansu.

Manyan kuwa sun makara. Babban jirgin yaƙi Pyotr Veliky, wanda ke jagorantar atisayen, ya ji girgizar fashewar, amma ba a ɗauki abin da muhimmanci ba. Sa'o'i suka wuce kafin a fara nema, kuma an haura sa'o'i 16 kafin a gano inda Kursk yake kwance. Jirgin yana da wata na'ura da ya kamata ta ɓalle ta taso saman ruwa ta sanar da haɗari, amma an riga an kashe ta tun lokacin wani sintiri a Bahar Rum a 1999, don gudun kada ta ɓalle da kanta ta tona asirin jirgin, kuma ba a mayar da ita ba. Ƙananan jiragen ceto na Rasha sun sauka sau da dama, matuƙansu sun sai da rayukansu, amma batiran jiragen tsofaffi ne masu saurin mutuwa, kuma sun kasa mannewa da ƙofar tsira.

Har zuwa nan ana iya cewa sakaci ne da talaucin rundunar da aka yi watsi da ita bayan rushewar Tarayyar Sobiyat. Abin da ya biyo baya kuwa zaɓi ne na mutane masu hankali. Ba a sanar da jama'a ba sai ranar Litinin 14 ga wata, kuma sanarwar cike take da ƙarya: an ce ranar Lahadi abin ya faru, an ce 'yar matsalar inji ce ta sa kyaftin ya kwantar da jirgin a ƙasa, an ce ana magana da ma'aikatan, ana tura musu iska da wuta. Ko ɗaya babu gaskiya. Rundunar ta ƙi fitar da sunayen waɗanda ke cikin jirgin, sai da wata jarida ta Mosko ta sayi jerin sunayen daga hannun wani jami'i ta buga, a nan wasu iyaye suka tabbatar da cewa 'ya'yansu na ciki. Birtaniya da Nowe da Amurka sun yi tayin taimako tun da wuri, aka ce musu ba a bukata. Shugaba Vladimir Putin, wanda kimanin wata uku ke nan da rantsuwarsa, yana hutu a Sochi a bakin Bahar Aswad, kuma ya ci gaba da zamansa na kwanaki. Sai ranar Laraba 16 ga wata aka amince baƙi su zo.

A garin Vidyayevo, inda iyalan ma'aikatan ke zaune, an yi abin da duk wanda ya gani a talabijin ba zai manta ba. Uwar ɗaya daga cikin hafsoshin ta miƙe a wani taro tana kuka tana yi wa Mataimakin Firaminista Ilya Klebanov tsawa a kan halin da aka jefa 'ya'yansu, sai wata ma'aikaciyar jinya ta zo ta bayanta ta soka mata allurar kwantar da hankali ta cikin riga, aka fita da ita a sume. Uwa tana neman amsa, hukuma ta ba ta allura. Lokacin da masu nutso na Nowe da Birtaniya suka iso, an gaya musu cewa ƙofar tsira ta lalace kuma igiyar ruwa tana da ƙarfi. Suka sauka suka tarar ba haka ba ne. Ranar 21 ga Agusta suka buɗe ƙofar, kwana ɗaya bayan sun fara aiki, suka sami ɗakin cike da ruwa. Bayan haka manyan hafsoshi, ciki har da kwamandan Rundunar Arewa, Admiral Vyacheslav Popov, suka shafe watanni suna cewa jirgin ƙawancen NATO ne ya yi karo da Kursk.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. A watan Oktoba na 2001, kamfanonin Holan biyu, Mammoet da Smit, suka ɗago gangar jirgin bayan an yanke gabansa, aka kai shi kusa da Murmansk, jimillar gawarwakin da aka samu ta kai 115. A 2002 Babban Mai Gabatar da Ƙara na Rasha, Vladimir Ustinov, ya bayyana cewa topido ɗin jirgin ne ya fashe, babu wani karo. Cikakken rahoton kundi 133 ne, aka rufe shi a matsayin sirri, aka buga taƙaitawa mai shafi 4 a jaridar gwamnati, kuma ko a wannan 'yar taƙaitawa an ambaci rashin ɗa'a mai tayar da hankali, da tsofaffin kayan aiki marasa kulawa, da sakaci. Amma an rufe shari'ar ba tare da an gurfanar da kowa ba. An cire Popov daga muƙaminsa, ba da jimawa ba ya zama ɗan majalisar dattawa.

Masu kare hukumomin Rasha suna da hujjoji biyu da ya kamata a saurara. Ta farko ita ce, binciken hukuma ya ce mutum 23 ɗin nan ba su wuce kimanin sa'o'i 8 a raye ba, saboda haka ko da an kira baƙi ranar farko ba za su iso a kan lokaci ba. Mai yiwuwa haka ne. Amma a ranakun da ake ƙin taimakon, babu wanda ya san sun mutu. Hukumar da kanta tana cewa ana jin ƙwanƙwasa daga cikin jirgin. Wanda yake zaton ɗansa yana raye a ƙarƙashin ruwa, kuma ya kori mai igiya, ba zai wanke kansa da cewa ashe yaron ya riga ya cika ba. Da abin da ya sani a lokacin za a auna shi. Hujja ta biyu ita ce sirrin soja: Kursk yana ɗauke da makamai da na'urorin da ba a son idon NATO ya gani. Sirrin soja gaskiya ne, kowace ƙasa tana da shi. Amma ranar da haɗari ya faru, da sunayen matattu, da batirin da ya mutu, da horon da ba a bayar ba, wane maƙiyi ake ɓoye wa su? Jiragen leƙen asirin Yamma da na'urorin Nowe sun riga sun ji fashewar. Waɗanda aka ɓoye wa su ne uwaye da matan aure. Abin da aka kare shi ne kujerun manya, kuma Bahaushe ya riga ya ce girman kai rawanin tsiya.

Rasha da kanta ta nuna cewa akwai wata hanyar. A watan Agusta na 2005, ƙaramin jirgin ceto mai lamba AS-28 ya sarƙe a cikin igiyoyi da tarun kamun kifi a zurfin kimanin mita 190 kusa da Kamchatka, da mutum 7 a ciki. Wannan karon ba a ɓata kwanaki ba aka nemi agaji. Sojin Birtaniya suka ɗauko na'urarsu mai nutso da ake sarrafawa daga nesa a jirgin sama, suka yanke igiyoyin, mutum 7 suka fito da ransu iskarsu na dab da ƙarewa. Babu wanda ya raina Rasha saboda wannan. Bayan Kursk ne kuma, a 2003, aka kafa ofishin ƙasa da ƙasa mai haɗa kan masu ceton jiragen ƙarƙashin teku, don duk ƙasar da jirginta ya maƙale ta san wanda za ta kira.

Babban darasin yana wurin Amurka, wadda ita ma ta sha wannan ɗaci. Ranar 10 ga Afrilu, 1963, sabon jirginta mai injin nukiliya, Thresher, ya fita gwajin nutso mai zurfi kimanin kilomita 350 gabas da Cape Cod bayan ya fito daga gyara. Bai dawo ba. Mutum 129 suka tafi da shi, ciki har da fararen hula 17. Kwamitin bincike ya ce mafi ƙarfin zato shi ne wata mahaɗar bututu ce ta ɓalle a ɗakin inji, ruwa ya taɓa kayan wuta, injin nukiliya ya tsaya, kuma da suka nemi hura iska su taso sai ƙanƙara ta toshe hanyar iskar. An gano cewa a lokacin gyaran an gwada mahaɗai 145 da na'ura, kashi 14 cikin 100 suka gaza, amma ba a bi sauran an gwada ba. A cikin shekarar aka kafa shirin da ake kira SUBSAFE. Ƙa'idarsa ita ce duk wani ƙarfe, bawul ko walda da ke tsakanin ruwan teku da ran mutum, sai yana da takardar shaida: wa ya ƙera, wa ya ɗaura, wa ya gwada, wa ya duba gwajin. Mai dubawa ba ya ƙarƙashin mai gaggawar fitar da jirgi. Idan takarda ba ta cika ba, jirgi ba zai yi nutso mai zurfi ba, ko wane ne ya ba da umarni.

Sakamakon a bayyane yake. Daga 1915 zuwa 1963 Amurka ta rasa jiragen ƙarƙashin teku 16 ba a wurin yaƙi ba. Daga 1963 zuwa yau ta rasa ɗaya, Scorpion, a 1968, da mutum 99, kuma shi bai samu shaidar SUBSAFE ba. A Janairun 2005 jirginta San Francisco ya daki wani dutse na ƙarƙashin teku da cikakken gudu. Mutum ɗaya ya rasu, da yawa suka ji rauni, amma jirgin ya taso ya kai kansa tsibirin Guam. Ba ina cewa Amurka ta fi kowa son faɗin gaskiya ba, domin cikakkun takardun binciken Thresher ba a fara sakin su ba sai 2020, bayan wani tsohon kyaftin ya kai rundunar kotu. Abin da ta yi daidai shi ne ta yarda a cikin gidanta cewa laifin nata ne, ta mayar da mutuwar mutum 129 doka mai haƙora, kuma har yau kowace shekara ana tunatar da ma'aikatan shirin labarin Thresher.

Inda ba a yi haka ba, labarin maimaita kansa yake yi. Ranar 15 ga Nuwamba, 2017, jirgin Ajantina mai suna San Juan, ƙirar Jamus wanda ya fara aiki a 1985, ya ɓace a hanyarsa daga Ushuaia zuwa Mar del Plata da mutum 44, ciki har da Eliana Krawczyk, mace ta farko da ta zama hafsa a irin wannan jirgi a ƙasar. Da farko rundunar ta ce matsalar sadarwa ce. Sai bayan kwanaki ta amsa cewa kyaftin ya ba da rahoton ruwa ya shiga ta bututun shaƙar iska ya taɓa batira, wuta ta kama. Hukumar da ke sa ido kan gwajin makaman nukiliya, mai hedikwata a Biyana, ita ce ta tabbatar da cewa na'urorinta sun ji ƙara mai kama da fashewa a wurin. Ajantina ta karɓi taimako daga ƙasashe da yawa, har da Birtaniya da suka gwabza yaƙi a 1982, kuma wannan abin yabo ne. Amma da aka sassauta nema, iyalai ne suka kafa tantuna a gaban fadar shugaban ƙasa na makonni har aka ɗauko kamfanin Ocean Infinity, wanda ya gano jirgin bayan shekara guda a zurfin mita 907. A 2019 kwamitin majalisar ƙasar ya ɗora laifi a kan gazawar manyan hafsoshi da ƙarancin kuɗin kula da jiragen.

Na Indonesiya kuwa a cikin azumin Ramadan ya faru. Da asubahin 21 ga Afrilu, 2021, Nanggala, ƙirar Jamus mai shekara 40 a bakin aiki, ya nemi izinin nutsawa don atisayen harba topido a arewacin tsibirin Bali, daga nan ba a ƙara jin sa ba. Cikin tarkacen da suka fara tasowa har da guntayen dardumar sallah. Indonesiya ta nemi agajin maƙwabta tun ranar farko, kuma na'urar jirgin ceto na Singafo ce ta hango shi ranar 25 ga wata a zurfin mita 838, ya rabu gida uku, da mutum 53. Bayan haɗarin, wata 'yar jarida ta Kompas ta bayyana cewa kyaftin ɗin jirgin, Heri Oktavian, ya taɓa koka mata a kan ingancin gyaran da ake yi wa jiragensu. Allah Ya jiƙansu. Mun yi imani da ƙaddara, kuma babu ran da zai wuce wa'adinsa. Amma malamanmu ba su taɓa koyar da cewa imani da ƙaddara yana sauke alhaki daga wuyan wanda aka damƙa wa amana ya yi wasa da ita ba. Haƙuri na iyalan mamaci ne. Jami'in da ya sa hannu a kan gyaran da ba a yi ba, hisabi ne rabonsa.

Wasu za su ce kula da irin waɗannan jirage sai ƙasa mai arziki. Haka ne, tsadarsa ba kaɗan ba ce. Amsar ita ce ƙasar da ba za ta iya biyan kuɗin gyara ba, ta ɗaure jirgin a tasha ta faɗa wa jama'arta gaskiya. Sayen makami yana da biki da hotuna da jawabi, sauya batir da gwada bututu ba su da ko ɗaya, shi ya sa kasafin kuɗi ke karkata wajen saye ya manta da kulawa. Gibin da aka bari a takardar kasafi, da jikin ƙananan sojoji ake cike shi.

Najeriya ba ta da jirgin ƙarƙashin teku, amma ta san irin wannan makoki. Ranar 26 ga Satumba, 1992, jirgin saman soja samfurin C-130 ya faɗi a fadamar Ejigbo jim kaɗan bayan tashinsa daga Legas, fiye da mutum 150 suka rasu, mafi yawansu hafsoshi masu tasowa da ke karatu a Jaji. Wata guda cif bayan nutsewar Nanggala, ranar 21 ga Mayu, 2021, Babban Hafsan Sojin Ƙasa, Laftanar Janar Ibrahim Attahiru, da wasu mutum 10 suka rasu a haɗarin jirgin soja a Kaduna. Dukkansu a bakin aiki, ba harsashin maƙiyi ba. Matan da suka bari da marayunsu suna da haƙƙin da iyalan Kursk da na San Juan suka yi ta fafutuka a kai, wato a gaya musu dalili dalla-dalla, a kuma nuna musu abin da aka gyara. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Kirana ga 'yan majalisa masu kula da harkokin tsaro, da 'yan jarida, da tsofaffin sojoji masu faɗa a ji, shi ne su tsaya kai da fata a mayar da abubuwa uku doka. Duk haɗarin da ya ci ran soja ba a fagen daga ba, masu bincikensa su kasance ba sa ƙarƙashin wanda ake bincika. A ƙayyade wa'adin fitar da sakamakon ga iyalai da jama'a, a cire abin da yake sirrin makami na haƙiƙa, a bar sauran a fili. Kuma injiniya ko ƙaramin hafsan da ya ce wannan jirgi ba zai tashi ba sai an gyara, doka ta kare shi daga fushin ubangidansa. Soja ya yi alkawarin ba da ransa don ƙasarsa, bai yi alkawarin ba da shi don rufa asirin wani ba.